Yatsan da Ke Cikin Waƙar

Bakura

Surajo, an sa ni a waƙa! Jikana Nazir ne ya rubuta ta, ya karanta a taron makarantarsu a Talata Mafara. Af, assalamu alaikum, ƙanena. Ya iyali, ya damina?

Bai kama sunana ba, amma ya faɗi tsohon da lauje ya cire wa babban yatsa a gonar shinkafa, ya rasa na dangwalawa, ya shiga makarantar dare da furfura don ya koyi sa hannu. In ba ni ba, wa? Har majalisa na sa aka kunna ta a waya. Allah ya bar zumunci.

Yayanka, Ɗantani

Maradun

Yaya, wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya yi kai.

Na yi ta juyayi kafin na rubuta. Waƙar nan na riga ka jin ta. Tun bara aka rera ta nan, a walimar wani Alhaji mai shagunan taki, da sunansa a kowane amshi. Ɗansa ne ya sa Nazir ya rubuta, ya sallame shi. Ka yi haƙuri, gara ka ji daga bakina. A gaida mutanen gida.

Surajo

Bakura

Nazir, bayan gaisuwa.

Yau ba wasan kaka da jika zan yi da kai ba. Na tara dattawa suka saurara, na yi hawaye a gabansu, ashe rigar wani ka cire wa suna ka yafa mini. Faɗa mini gaskiya: waƙar tawa ce, ko ta wanda ya biya?

Kakanka

Talata Mafara

Kaka, barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya.

Aikin Alhaji ne, ba zan musa ba. An ce in yabi mutumin da ban taɓa gani ba. Na zauna na rasa abin faɗi, kuma tsoho ɗaya na sani da ya cancanci yabo, sai na zuba ka a ciki. Ɗansa bai ko karanta ba kafin a rera. Ka yafe mini.

Abokinka, Nazir

Bakura

Surajo, salamu alaikum.

Yaron ya amsa. Raina bai huce ba: yatsana ne ya kai kasuwa ban sani ba, kuma ban ce na yafe ba tukuna.

Amma tambaya ɗaya. A walimar, Alhajin ya ɗaga hannu ya gaida jama'a? Yatsu nawa ka gani?

Ka faɗa wa duk wanda ya ci shinkafar walimar nan, hanyar Bakura a buɗe take. Ina ƙofar gida kullum bayan la'asar. Ku zo da amshinku, ni in miƙo hannuna, kowa ya gani.

Ɗantani