An Ɗaure Baƙona Bisa Maganata

Zuwa ga Mai Girma Kumandan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah shi ja zamaninka. Ni ne Maigari Gado, daga wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. Wallahi kunya ta sa na aiko wannan takarda, irin kunyar da ke hana mutum zama ƙofar gidansa.

Na ɗaya. Tun kaka da kakanni, sakin gona a Arewa ba shi da tsayayyar rana. In an gama roron wake, sarkin noma ya zagaya ya shaida wa maigari, sai maigari ya aika wa Fulani su shigo, shanu su ci kara su bar mana taki. Bana ruwa ya ɗauke da wuri, munka kai komai rumbu. Na aika wa Arɗo Bube goro, kamar yadda ubana ke aika wa ubansa, ya shigo da shanunsa.

Na biyu. Ran Laraba gardi biyu, 'yan sandanku, sunka zo, wai akwai doka a rubuce a biro, wato ofishinku, kuma ranar sakin gona da ta yanka ba ta yi ba. Sunka ɗaura wa Arɗo igiya a ƙugu gaban 'ya'yansa, dattijo da furfurarsa, sunka kai shi kaso sunka kulle! Ba manomin da ya kai ƙara, ko zangarniya ɗaya ba a ɓata ba. Ni kuwa ina tsaye da rawanina kamar turke.

Na uku. Bara na kai rikicin rijiya biro, anka ce ba ya cikin takarda, in je in yi da al'ada. Bana na yi da al'ada, an ce takarda. To, ranka shi daɗe, wace za mu bi? Ban ƙi rubutu ba, rubutu ba ya mantuwa. Amma wanda anka yi da Faransanci anka kulle a biro, wa ya ji shi? Kuma takarda ba ta san ranar da ruwa ke ɗaukewa ba.

Roƙona shi ne, abin da kunka rubuta a karanta mana da Hausa ran kasuwa. Abin da kunka bar wa al'ada, a faɗa mana. Kafin nan, don Allah a fito da Arɗo daga kaso. In dole sai an tsare wani, ni na aika goron.

Matar Arɗo har yau tana aiko mini ƙwaryar nono kowace safiya. Na kasa sha.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi rufa mana asiri baki ɗaya.

Wassalam.

Maigari Gado