Maganin da Baba Ya Sha a Shayi

Briqueterie, Yaoundé
Watan Sha'aban, 1995

Zuwa ga Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Raliya da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Faransa. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, Sabiru kuma ya koma makaranta bayan yajin aikin malamai.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. An yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ya hana a faɗa maka, ni kuwa na gaji da rufe abin da ba ya rufuwa.

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa bara, sirinji ya yi wuya a farmasi. Guda ɗaya muke tafasawa mu yi ta yi masa allurar ciwon sukarinsa, har tsinin ya dakushe, cinyarsa duk ta yi tabo. Ana cikin haka kasetinka ya iso. Ka tuna ka yi masa bayanin aikinka, cewa kuna binciken wasu ƙananan sarƙoƙi da kuke kira peptid, waɗanda ruwan ciki mai narkar da abinci ba ya saurin tsinka su, musamman idan an haɗe bakinsu kamar zobe, kuma wata rana za a riƙa haɗiye maganin da yau sai da allura. Baba ya saurari kasetin nan har ya haddace. Ya kunna wa mahautan unguwar Etoudi, ya kunna wa abokansa masu tsire. Kalmar "wata rana" ce kaɗai ba ta shiga kunnensa ba.

Sai ya ce mini shi zai riƙa yi wa kansa allurar. Ashe ɗiga ruwan allurar, wato insulin, yake yi cikin shayi ya shanye. Ban gane ba sai da wani ɗan ciwo da ke yatsan ƙafarsa ya yi baƙi ya fara wari. A asibiti likita ta ce mini insulin doguwar sarƙa ce, ciki yana daddatsa ta yadda yake yi wa tsokar nama, ko ɗigo ba ya kai wa jini da amfani. Ta tambaye ni wa ya gaya masa ana sha. Nan take na tuna kasetinka.

Na san ba ƙarya ka yi ba. Amma shekara nawa rabonka da gida? Da ka zo ka ga cinyar nan, da ka san yadda za ka yi magana da mutumin da ya gaji da allura. Ni ce ke wanke dungulmin safe da yamma, amma duk wanda ya zo dubiya, Baba ce masa yake yi cikinsa ne ya cika ƙarfi, ilimin ɗansa ba shi da laifi.

Ba aike muke so ba, Yaya. Ka zo kafin Sallah.

Inna, Goggo Jaratu da Kawu Garga na Mokolo suna gaishe ku. Ka shafa mini kan 'yarka Fatiha. Allah Ya haɗa fuskokinmu Baba yana da rai.

Ƙanwarka,
Rahinatu Mohaman Bello