Ban Ce Marahaba Ba

Litinin, 12 ga Agusta

Mun iso Dar, babban birnin bakin teku, da tsakar rana, mu goma sha takwas na zumuntar mata daga Tabora. Zafi, ƙarnin kifi, 'yan mata cikin wanduna kamar an ɗura su. Na ce wa shugabarmu Mama Masanja garin nan ba wurin renon ɗa ba ne. Ta ce, "Mama Minza, ko ƙafa ba ki wanke ba kin fara wa'azi?"

'Yata Minza tana wani lungu na garin nan. Shekara huɗu ke nan. Taro ya kawo ni, ba ita ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Jawabin yau a kan gafara ne. Mai jawabin farcenta ja wur. Ban rubuta komai ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Yau aka kai mu zaga gari. Da na sani da ban fito ba.

Muna zaune a bas sai mai yi mana jagora ta shigo da rigar kamfani da lasifika a hannu. Minza ce. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Na dubi Mama Masanja, ta shiga neman wani abu a jakarta. Ashe shirinta ne.

Minza ta bi kujeru tana rusunawa, tana gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba. "Shikamoo, Mama." Kowa na cewa, "Marahaba, 'yata." Da ta zo kaina na juya ga taga. Mama Devota ta ce, "Ƙarar jirgi ta toshe mata kunne, ni na amsa mata. Marahaba!" Ba wanda ya yi dariya.

Na san abin da nake yi. A Tabora ko ɓarawo ya gaishe ka sai ka amsa. Amma yarinyar da ta bar kwalejin malamai saura wata biyar ta gama, ta bi namiji da ciki ba aure, ranar da ta durƙusa a ƙofata ban amsa ba, kuma ban ga abin da ya canja ba. Ta sha kirana a waya. In ɗauka, ta gaishe ni, in yi shiru har ta kashe. Daga baya na daina ɗauka ma.

Ta nuna mana gunkin wani soja a tsakiyar titi, da babbar majami'a, da kasuwar kifi a bakin mashigin jirgin ruwa. A kasuwar Kariakoo ta ce, "Iyayena, ku riƙe jakunkunanku kamar yadda kuke riƙe mazajenku." Devota ta ce, "To tawa ta tafi ke nan, nawa tun bara waccan ya kuɓuce!" Bas ta ɗauki shewa. Ta iya magana, ba zan ɓoye ba. Shekaru da sunaye duk a kanta. Da yanzu aji take koyarwa, ba barkwanci a mota ba.

A hanyar bakin teku tana cikin bayanin wata unguwa sai ta tsaya a tsakiyar magana. Direba ya kashe rediyo, ya rage gudu. Doguwar katanga ce ta makabarta. Sai da muka wuce ta ci gaba.

A bakin teku mata suka tattare zannuwa suka shiga ruwa suna ihu kamar yara, wasu na sayen soyayyen rogo. Ni na zauna a mota. Ruwa ba iyaka, ba a sha, ba a ba shuka. Na tambayi direban, wani dattijo Kombo, me ya sa ya kashe rediyo.

Ya ce, "Kullum haka muke yi, Mama. 'Yar Minza ce a ciki. Shekara biyu da rabi. Zazzaɓi, kwana uku kawai. Uban dama ya daɗe da gudu. Ni na riƙe akwatin gawar a cinyata, bai kai nauyin buhun gawayi ba. Kabula sunanta, wai sunan mahaifiyarta Minza ta sa mata." Ya tofar da yawu ta taga. "Uwar Minzar kuwa ko waya ba ta ɗauka ba. Akwai mutane a duniyar nan, Mama."

Na ce yaushe. Ya ce Fabrairun bara.

Na tuna ranar. Sau bakwai wayar ta yi ƙara. Ina tankaɗen garin masara, na kife ta a kan tabarma.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ban je rufe taro ba. Na tare Mama Masanja na ce ta sani ta ɓoye mini. Ta ce, "Kabula, har gidanki na zo da gyalen makoki a kaina. Ina buɗe baki kika ce kada a ambaci sunanta a ƙarƙashin rufinki. Kika ba ni shayi."

Haka aka yi. Na ba ta shayi.

Ni ban kashe kowa ba. Zazzaɓi ne. Uwar da ba ta tsawata wa ɗa ba Ubangiji zai tambaye ta, haka aka koya mana, haka na koya wa wasu. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar ba. Ban san ko ta fara magana ba. A shekara biyu da rabi Minza har waƙa take yi.

Asabar, 17 ga Agusta

Da sassafe na je inda motocinsu ke tsayawa. Kombo na wanke gilashi, ya gan ni, wani ya raɗa masa wani abu, ya sunkuyar da kai. Minza ta iso, ta tsaya a gabana. Na shirya bakina tun daga masauki.

Ba ta rusuna ba. Ta ce, "Me kike so?"

Na tsaya da "Marahaba" a baki. Ba a faɗinta sai an gaishe ka. Shekarata hamsin da shida, sai yau na lura babba ba shi da abin da zai fara cewa.

Na ce, "Kai ni wurinta."

Muka hau bajaji, keke mai ƙafa uku. Kabarin ɗan guntu ne, can kusa da katanga. Gicciyen katako, sunana a jiki da farin fenti, harafi ɗaya ya goge. Na ce mata ciyawa ta yi yawa. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ta ce, "Aiki nake yi, Mama. Ranar Lahadi kawai nake samu."

Lahadi, 18 ga Agusta

Jirgin ƙasa ya tafi da su Mama Masanja. Na ce mata ƙafata ta kumbura, ba zan iya doguwar tafiya ba. Ta dubi ƙafar ta ce, "Ai kuwa." Ta ɗan kumbura, ba ƙarya na yi ba.

Ɗakin Minza ɗaya ne, labulen ya yi dauɗa, gishiri ya yi yawa a wakenta. Ban faɗa ba. Har yanzu ba ta gaishe ni ba. Ita ta kwana a ƙasa.

Na sayi 'yar fartanya da ƙaramin gwangwanin fenti. Kwana biyu zai ishe ni, ko uku. Ciyawar irin mai saiwa ce, in ba a tono ta daga ƙasa ba dawowa take yi.