Kifin da Na Ƙirƙiro wa Babanki

Utende, Litinin

Zuwa ga 'yata Tatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin Morogoro? Mu nan sai godiya.

Likita ya sake duba idon babanki. Ya ce hasken da ya rage ba zai kai damina biyu ba. Na yi kuka, shi kuwa babanki Shaame ko a jikinsa, wai abu ɗaya yake so. Kin san wurin nan a teku da yake saka kwandunan kifinsa, inda yake daidaita kwalekwale har itacen kuka ya rufe hasumiyar masallaci. Shekara talatin da huɗu wurin yana ciyar da mu, bai taɓa ganin ƙasansa ba, don ya fi ƙarfin numfashin mutum. Yanzu so yake ya sauka da tulun iska irin na baƙi masu nutso, kuma wai sai da ni.

Na ce, "Malam, ni da ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba?" Ya ce, "Mwanahawa, ke ce ma'ajiyata. Ki kalla da kyau, in duhu ya zo ki riƙa ba ni labari."

Zuwena mai koyar da nutso ta kwana uku tana fama da mu a bakin gaɓa. Da kin ga babanki da takalman agwagwa! Jibi za mu shiga. Ki sa mu a addu'a.

Mahaifiyarki,
Mwanahawa

Utende, Asabar

'Yata Tatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, mun shiga, mun fito lafiya.

Can ƙasa babu nauyi, Tatu. Ciwon gwiwata ma a sama na baro shi. Ba na jin komai sai numfashina, haske yana saukowa zare-zare, muna lilo a hankali kamar barci ya ɗauke mu a kwalekwale. Zuwena tana riƙe da ni, ni ina riƙe da babanki.

Sai dai ga laifina. Ban kalli komai ba. Shi na yi ta kallo. Ya kai fuskarsa dab da duwatsun murjani, idanunsa a buɗe kamar na yaro cikin gilashin nutso, kumfa tana tashi daga gemunsa. Rabon da in gan shi haka tun muna amarci. Kafin in farga Zuwena ta yi mana alamar mu hau sama.

Da muka zauna cin shinkafa da kwakwa ya ce shi shuɗi kawai ya gani da inuwoyi masu wucewa, in faɗa masa sauran. Sai na ce na ga wani kifi ja mai gemu, wutsiyarsa koriya, yana tafe da 'ya'yansa bakwai a layi.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Baiwar Allah, na kama duk abin da ke cikin tekun nan, babu wannan. Me kika tsaya kallo?" Na ce, "Kai." Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

Na yi wa Zuwena magana. Ranar Talata zan koma ni kaɗai, shi zai jira a kwalekwale, don kada ya sake ɗauke mini hankali. Tsoro nake ji sosai, amma ba zan bar shi ya shiga duhu da kifin ƙarya ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Mwanahawa