Takabar Hafsat da Kiɗan Soron Kamilu

Sharaɗa, Kano.

Zuwa ga Yayana Dalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙauna da girmamawa daga ƙanwarka Mubina, da fatan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fatima da yara. Ya Jidda, ya aiki? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a ƙasar mutane. Ya kuma ƙarin haƙurinmu na ɗan'uwanmu Kamilu? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Hajiya ta yi dama-dama, har tana fitowa tsakar gida da kanta, abinci ne dai sai an yi da gaske. Maigidana Malam Gwadabe an mai da shi aikin safe a kamfanin fata na Challawa, yanzu tun da rana warin jima ke riga shi shigowa gida. Na ce masa ya daina wahalar sallama, mun san shi ne.

Yaya, na zaɓi in rubuta, in ɗauki hoton takardar in turo maka, domin in na kira kuka ne zai ci ƙarfina, kai kuma ka ce in yi haƙuri ka ajiye wayar. Wannan karon haƙuri ba zai isa ba. Baffa Shu'aibu ya ce ranar Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, zai zo ya ɗauki 'ya'yan Kamilu, Binta da Umar, ya tafi da su gidansa na Ɗorayi, uwarsu Hafsat kuma in ta fita takaba ta koma gidan iyayenta ita kaɗai. Tun rasuwar Baba maganar Baffa ce yankan wuƙa a gidanmu, ka fi ni sani. Bari in faro maka daga tushe.

Ka san Kamilu da kiɗansa na jaz. Ya yini a gaban injin roba, amma ya dawo ya rungumi saksafon ɗinsa, ƙahon nan mai ruwan zinare, ya yi ta busa kamar bai san gajiya ba. Da can a wani otal na Bompai suke yi wa baƙi, shi da Abdulbaƙi mai ganga da Mamman ɗan Damagaram mai fiyanon lantarki. Da korona ta zo aka rufe wurin, sai suka dawo soronsa. Kowace Asabar bayan la'asar su jingina waya a taga, su yi ta kaɗawa kai tsaye, mutane na kallo daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. An buɗe gari ma ba su daina ba. Hafsat kuwa aikinta ɗaya ne a harkar. In an ɗauke wuta, ita ke rugawa ta tayar da janareta, ta zura hijabi, ta leƙa soro ta ɗaga makunnin canja layi da ke bango bayan mai ganga, don kada kiɗan ya yanke. Shekara da shekaru haka take yi, mijinta na zaune, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Bayan sadakar arba'in abokan nan suka zo suka durƙusa wa Hajiya. Suka roƙa a bar su su yi kiɗa sau ɗaya tak a soron, su sanar da masu kallo rasuwar, su nema masa addu'a, sannan su kwashe kayansu. Hajiya ta ba su izini. Hafsat ma ta amince daga bayan labule, ta ce ita dai tana ɗakinta. Ranar ina tare da ita, muna tsintar wake, muna jiyo su ƙasa-ƙasa. Ana tsakiyar wani take da Kamilu ke so aka ɗauke wuta. Wallahi Yaya, kafin in ɗaga kai tire ya kife, sai ƙarar janareta na ji. Sabo turken wawa. Ta manta takaba, ta manta hijabi, ta manta mai soron ba ya nan, ta faɗa cikin maza da ƙoɗaɗɗen zanenta da ɗan mayafi.

Ta ɗaga makunni, haske ya dawo, sai idonta ya faɗa kan kujerar Kamilu. Ashe sun ajiye saksafon a kai, ba kowa. Na iso bakin ƙofa na ga ta dafe bango, ido a rufe, jikinta na tangaɗi. Mamman ya ba ta baya, bai gani ba, ya ci gaba da kiɗa. Abdulbaƙi ne ya yar da sandunansa ya juya fuska. Na janye ta, muna isa tsakar gida ta sume, sai da ruwa.

Wani marar tsoron Allah a cikin masu kallo ya yanko ɗan wurin tangaɗin kaɗai, ya rubuta a kai wai ga mai takaba tana rangaji. Kashegari abin ya zaga masu abinci a ƙofar kamfanoni da 'yan adaidaita. Har Malam Gwadabe abokan aikinsa suka miƙa wa waya suna dariya, ba su san gidan surukansa ba ne. Ya dawo bai iya cin tuwo ba. Shi kuma Mamman, da ya ji abin da ake faɗa, sai ya firgice ya goge bidiyon gaba ɗaya daga shafinsu, wai yana rufa mata asiri. Da hannunsa ya shafe shaidarmu, ya bar guntun ƙaryar yana yawo. Na yi masa faɗa har sai da na ji tausayinsa.

Baffa ya zo, aka shimfiɗa tabarma ya ƙi zama. Ya ce gidan da ake buga ganga kabari bai bushe ba, ba gidan renon marayu ba ne, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce mata dama bakinsu ɗaya. Hajiya ta so ta ce ita ta ba da izini, amma ka san ba ta iya ɗaga ido a gaban wan mijinta, sai hawaye. Abdulbaƙi da Mamman sun bi shi har Ɗorayi, ya bar su tsaye a ƙofar gida, ya aiko a ce musu ba ya karɓar shaidar makaɗa. Limamin unguwa ya ce matar nan ba ta yi zunubi ba, Baffa ya ce liman ba ɗan gidanmu ba ne. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye maka ba, ko da yake na san a ganinsa jinin ɗan'uwansa yake tsarewa.

Hafsat ta zama abin tausayi. Ta ninke kayan yaran a jaka, ta warware, ta sake ninkewa. Ta ce a ɗauki gidan, a ɗauki kayan kiɗan a ƙone, a bar mata 'ya'yanta. In mota ta tsaya a layin sai ta miƙe zumbur. Tsoro nake ji, Yaya, don ban ga alamar za ta iya rashi biyu a shekara ɗaya ba.

Ƙofa ɗaya Baffa ya bari. Ya ce sai dai in namiji daga jininmu ya gani da idonsa, ya tsaya ya faɗa. Ya faɗi haka ne don ya tabbata babu. To akwai. Abdulbaƙi ya gaya mini ranar kiɗan sunanka ya fito cikin masu kallo. Tun farawa ka rubuta addu'a ga Kamilu, kuma bayan na janye Hafsat ka rubuta kana tambayar ko lafiya take. Ya ce ba Asabar ɗin farko ke nan ba, da wuya su yi kiɗa ba ka leƙo ba. Ni kuwa ina nan ranar da ka zauna kusa da Baffa ka ce kiɗan nan abin kunya ne ga gidanmu. Ba gori nake maka ba. Abdulbaƙi ya ce Kamilu na ganin sunanka sai ya gyara zama ya ƙara kyautata busa, kuma ya hana su faɗa wa kowa don kada ka ji nauyi. Ya rufa maka asiri har ya koma ga Allah. Na san in ka kira Baffa sai ka fara da cewa kana kallo, na kuma san nauyin wannan a bakinka. Amma gani ya kori ji, kuma cikin waɗanda suka gani kai kaɗai zai saurara wa.

Ka gaishe mini da Anti Fatima, da Sumayya da Abubakar, ka ce Gwaggonsu na kewarsu. Hajiya na sa muku albarka, Malam Gwadabe na gaisuwa. Hafsat ba ta san na rubuto ba. Binta ce ta same ni ina rubutu, ta tambaye ni ko ranar Litinin daga nan za ta tafi makaranta ko daga Ɗorayi. Na ce mata ban sani ba tukuna, sai Baffanta na Jidda ya yi waya.

Wassalam. Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Mubina.