Kada Ka Ɗauko Vilja Tukuna

Tuukka,

Na kira har na gaji, na san a bakin aiki ba ka riƙe waya. Kada ka ɗauko Vilja daga gidan kakarta tukuna, ko da ta yi kuka.

Jiya a asibitin da nake koyon aiki na ɓare filasta biyu daga jikin wani tsoho, irin masu maganin ciwo mai ƙarfin nan. Maimakon in miƙa su a zubar, sai na jefa a aljihun rigar sanyina, yadda na saba lokacin da nake bin tsofaffi gida-gida. Da rigar na kwana. Na tashi da jiri da amai, sai ga ɗaya manne a kwiɓina. Ɗayar ban gan ta ba. Na birkice gado da kwandon wanki, amma idona rufewa yake.

Na kira malamata Marjukka. Ta ce, “Ke Henriikka, shekara nawa kina ƙaramar nas? Sai da kika kusa zama cikakkiya za ki kashe mini kanki? Maza taho, zancen makaranta sai kin warware.” Ko korata za su yi, oho. Maƙwabcinmu Raimo zai kai ni asibiti, ga shi can yana ta danna hon.

Sa safar hannu ka nemo ta, don Allah. ’Yar ƙarama ce, kamar sitika. Ka kuwa san Vilja, duk sitikar da ta tsinta a kumatu take liƙawa.

Henriikka