Talabijin ɗin da Injiniya Ya Zaɓa wa Baba

Zuwa ga ƙanwata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya yaye miki ciwon bayan da kika ce yana damunki, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau. Autata ta fara tafiya, ba ta bar komai a kan tebur ba. Goggo ta warke daga mura ta koma faɗanta, kin san kuwa shi ne alamar lafiyarta. Baba ma jiki da sauƙi, sai dai idon. Yanzu ko ni ba ya gane ni sai na yi magana.

Kin tambaye ni a waya ko an sayo talabijin ɗin da kika aiko kuɗi kika ce a saya wa Baba, na ce miki e kawai, don Yaya yana tsaye a kaina. To ga cikakkiyar amsa. An sayo, kuma Yayanmu Injiniya ne ya zaɓa. Kin dai san injiniyancin nasa. Tunda ya taɓa canza ƙwan lantarki bai faɗo daga kujera ba sunan ya bi shi, shi kuma ya riƙe hannu bibbiyu.

Ni na raka shi shagon, kuma har yau ina takaicin takalmin da na kashe. Bango guda cike da talabijin, duk suna nuna kifaye iri ɗaya suna iyo, shi kuwa ya goya hannu a baya yana zagaye kamar wanda aka turo bincike. Na ce masa abu biyu Baba yake bukata, murya mai ƙarfi da maɓallin da hannu zai lalubo. Sai ya dubi mai shagon yana murmushi, wai a yi haƙuri da ni, mata ba su san fasaha ba. Mai shagon ya nuna mana wani madaidaici mai maɓallai a gefe, muryarsa garau. Yaya ya yatsine fuska ya ce wannan ai na ɗakin jiran asibiti ne. Kin san da me ya yi awo? Da hannuwansa. Ashe ya riga ya je gidan maƙwabcinmu mai sayar da taya ya ware hannu a gaban nasu. Haka ya riƙa bin kowane talabijin yana ware hannuwa kamar mai shanya zani, har ya samu wanda ya fi na mai taya faɗi. Ba a ko kunna muryarsa mun ji ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kawo gida, a tsaye ya auna bango daidai idonsa, ya manta Baba a ƙaramar kujera yake zama. Aka huda bango, ƙura ta cika falo, aka rataye abin can sama kusa da silin. Ya ɗauki hotonsa a gabansa ya tura wa abokai, sannan ya sa aka fitar da tsohon talabijin ɗin ya ba mai gyaran bakin titi, wai ya cire abin da zai cire.

Kin tuna tsohon nan mai ƙaton baya. Ke kina ganinsa tarkace, kuma ban ga laifinki ba, don rabonki da gida idon Baba bai kai haka ba. Amma Baba da hannu ya san shi. Kafin Mama ta rasu ta manna filasta a kan maɓallin tashar labarai, don in ya shafa ya ji. Da yamma zai taso da kansa, ya dafa saman akwatin, ya lalubo filastar ya danna, ya zauna ya ji duniya ba tare da ya roƙi kowa ba. A samansa yake ajiye maganinsa da tabarau. Abin da ya rage masa ke nan da yake yi shi kaɗai.

Sabon kuwa siriri ne kamar faranti, ko allura ba za ta zauna a kansa ba. Muryarsa ta baya take fita, kamar mai magana a cikin bokiti. Rimot ɗin sumul, maɓallai ƙanana kamar na rigar jariri. Rannan na dawo daga aiki na tarar da Baba zaune da rimot a cinya. Ya danna wani wuri abin ya shiga inda bai sani ba, labarai suka wuce, bai kira kowa ba. Kin san Baba, gara ya rasa da ya tambaya. Na shiga kicin na yi kuka. Tun daga ranar bai sake taɓa shi ba. Masu morarsa su ne Injiniya da abokansa, ranar ƙwallo su cika falon da ihu, Baba ya lallaba ya koma ɗaki.

Na je wurin mai gyara, ya ce bai buɗe tsohon ba tukuna, zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Na ce wa Yaya a dawo da shi, ya hau sama, wai so nake in wulaƙanta kyautarki. Mutumin da bai taɓa tambayar Baba ko yana jin muryar ba, shi ne yau mai kishin mutuncinki. Don Allah ki kira shi da bakinki ki ce ke kika ce a dawo da shi. Sabon ya kai gidansa in yana so, ya ware hannuwa a gabansa har su gaji.

Ki gaida maigidanki da babbar 'yarki da 'yan biyu. Goggo da maigidana da yara duk suna gaishe ki. Na gaya wa Baba ina rubuto miki, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce, "Ki ce mata Allah ya yi albarka, hoton ya fito tas." Yana faɗar haka kujerarsa tana fuskantar kusurwar da tsohon talabijin ɗin yake a da, inda babu komai yanzu sai shatinsa a jikin bango.

Taki har kullum,
Yayarki.